Baba da Takardar Kamfani

A shekarun da ake rushe gidaje da shagunan da ke kewaye da Harami don a faɗaɗa masallacin, rusau ya ci ɗan shagonmu na yadi. Wannan bayan Nijeriya ta sami mulkin kai ne da 'yan shekaru kaɗan. Lokacin na ba talatin baya, ina da iyali, kuma ni ke riƙe da sana'ar, don Baba ya tsufa ƙwarai. Muka kwashe kayanmu muka dawo Hindawiyya, unguwar da aka haife ni, muka kama wani shago tsakanin mai gasa burodin tamis da wani dattijo Bahindiye mai sayar da kayan yaji.

Wurin ba a kan hanyar alhazai yake ba. A tsohon shagonmu, alhaji zai fito daga ɗawafi ya faɗo mana, ya yanki farin yadi, ya kai a jiƙa masa da Zamzam, ya shanya, ya tafi da shi gida ya ajiye don likkafani. A Hindawiyya kuwa sai wanda ya san mu ya biyo sawunmu. Wata rana tun hantsi har azahar babu wanda zai taɓa ko bakin yadi. Na fara tunanin in bar sana'ar in koyi tuƙin tasi, kamar yadda abokaina biyu suka yi.

Baba dogo ne, siriri, idonsa ya yi rauni amma kunnensa garau. Kullum da hantsi nakan kamo hannunsa in zaunar da shi a kan bencin da ke bakin shago, da butar shayinsa a gefe. Hausar Kano ce a bakinsa tsantsa, ba kamar tamu ba da rabinta Larabci ne. Abin da na sani game da shi kaɗan ne: ya baro gida yana saurayi, ya yi shekaru a hanya, ya yi noma a Sudan, ya ƙetare teku daga Sawakin. Abin da ya gabaci tafiyar bai taɓa ɗauko maganarsa ba, mu ma ba mu tambaya ba.

Ana saura wata biyu aikin Hajji wani Balarabe ɗan Jidda ya zo shagon da jaka cike da samfurin yadi. Wakilin wani kamfanin Ingila ne. Su Turawan ba su da halin shiga Makka, sai su riƙa turo irinsa. Mutum ne mai fara'a. Ya gaida Baba da ladabi, ya zauna ya sha shayi, sannan ya baje samfurin a kan kanta. Ban taɓa riƙe atamfa mai kyaunta ba. Ya ce kamfanin yana neman mutum ɗaya daga cikin mutanenmu wanda duk Bahaushen Makka da duk alhajin da ya zo daga yamma zai sayi yadinsu ta hannunsa. Mota za ta kawo mini kaya har ƙofa, a kafa mini allo a saman shago. Ya bar mini takarda mai shafi biyu, ya ce in duba, zai dawo bayan Hajji in sa hannu.

Yana fita na ji kamar an sauke mini dutse daga ka. Na karanta takardar a tsaye, da sauri, irin karatun wanda ya riga ya yarda.

Bayan la'asar, kasuwa ta yi sanyi, Baba ya ce, "Me baƙon nan ya bari?"

Na ce, "Alheri ne, Baba. Za su naɗa ni wakilinsu."

"Karanta mini."

"Da Larabci take."

"Na fi shekara hamsin a garin nan. Karanta da Larabcin, sannan ka mayar mini da Hausa. Ina so in ji duka biyun."

Na zauna kusa da shi na fara. Shafin farko babu komai sai gaisuwa da alkawura. A shafi na biyu akwai sharaɗi uku. Na farko, ba zan sayar da yadin kowa ba sai nasu, har shekara goma. Na biyu, su za su yanka farashi. Na uku, mutuminsu yana da damar shiga shago da ɗakin ajiya ya duba duk lokacin da ya so. Na karanta da Larabci ƙasa ƙasa. Da na zo mayarwa da Hausa, sai na ji bakina yana cewa, "Suna so dai mu riƙa ba kayansu fifiko, mu kuma yi shawara da su a kan farashi."

Baba ya ce, "Ba haka ka karanta ba."



Ya ajiye kofinsa. Na zaci faɗa zai yi. Sai ya ce, "Kada ka ji kunya. Ni ma haka na yi, kuma nawa ya fi naka."

Ranar ce na fara jin labarin. Ashe Baba bai taso daga Kano kai tsaye zuwa gabas ba. Mahaifinsa ɗan kasuwa ne da ya zauna a wani gari a bakin kogin Binuwai, inda wani kamfanin Ingila yake da kanti. Kamfanin yana kawo gishiri da yadi a jirgi mai hayaƙi, yana sayen riɗi da ƙaro da man kaɗe da hauren giwa. Baba yana samari ya riƙa yi musu aikin awo, har ya tsinci Turanci kaɗan a wajen akawunsu, wani baƙin mutum daga bakin teku. Ya kuma iya harshen mutanen kogin, don cikinsu ya girma.

Ya ce, "Da farko ciniki ne kawai, kuma kowa ya ji daɗinsa. Gishiri ya yi arha. Sai wata damina jirgin Faransawa ya hauro kogi da tasa tutar. Can sama kuma ana cewa Jamusawa sun iso. Faransawan nan suka fara sayen riɗi da daraja fiye da ta kamfani. Ka ga yadda hankalin Baturenmu ya tashi? Mutumin da ba ya fita rana, sai ga shi a kwale-kwale yana bin ƙauyuka ɗaya bayan ɗaya da takarda a hannu."

Baba ne tafinta. Bature ya faɗa da Turanci, akawu ya sassauta masa, shi kuma ya mayar wa mai gari da harshensu. A wani ƙauyen masunta, mai garin tsoho ne da ya san Baba tun yana yaro, ya kuma san mahaifinsa. Takardar ta ce ƙasar garin da ruwanta sun koma hannun kamfani har abada, ba za su yi ciniki da wani Bature ba, kuma kamfani ne zai raba musu gardama da baƙi. Akawu ya raɗa wa Baba cewa kada ya tsawaita, ya ce musu abota ce da ciniki.

"Tsohon nan bai kalli Bature ba," in ji Baba. "Ni ya kalla. Ya ce, ɗana, abin da ke ciki ke nan? Na ce shi ke nan. Ya karɓi alƙalami ya yi zane."

Bayan shekara biyu aka kama mutanen ƙauyen sun kai riɗi wajen Faransawa. Kafin nan kamfani ya yi sojoji, ya yi kotu, ya yi gidan yari, yana karɓar kuɗin fito a kan duk abin da ya bi kogi. Aka ƙwace kwale-kwalen ƙauyen aka tara a bakin ruwa aka sa wuta. Baba yana tsaye a wurin, don shi aka sa ya gaya musu laifinsu. Daga baya kuma wata safiya aka sauke tutar kamfani aka ɗaga ta sarautar Ingila, aka ce yanzu gwamnati ce. Sojojin su ne dai na jiya. Baba bai daɗe ba ya ɗaure kayansa ya bi ayarin masu zuwa gabas.

Na ji tausayinsa, amma gaskiya na ji haushi ma. Na ce, "Baba, wannan fa yadi ne, ba ƙasa ba. Kuma nan akwai hukuma, babu kamfanin da zai yi soja a Hindawiyya."

Ya ce, "Gaskiyarka. Ban ce kada ka sa hannu ba. Shagon naka ne yanzu. Abin da na ce, ka karanta wa kanka yadda take."

Muka bar maganar a nan. Na sa takardar a ƙarƙashin kanta, ina ɗauko ta in duba in mayar.

Da alhazai suka fara isowa, aka sauke mana baƙo a ɗakinmu na soro, kamar yadda muka saba kowace shekara. Wannan karon wani malamin makaranta ne daga Zariya, sa'ana, mai tabarau, wanda ke koyar da tarihi a makarantar sakandare. Shi ne mutum na farko da na gani da fasfon Nijeriya sabo, ba irin takardar da alhazai ke zuwa da ita a zamanin Turawa ba. Baba ya karɓa ya shafa bangonsa da yatsa, ya daɗe yana jujjuya shi kafin ya mayar.

Malamin ya saba da bencin Baba. Kullum in ya dawo daga Harami da hantsi sai ya zauna, Bahindiyen maƙwabcinmu ma ya jawo kujerarsa, a yi ta hira, ni ina fassara tsakanin Hausa da Larabci. Wata rana Baba, wanda ya yi shekara hamsin bai faɗa wa kowa ba, ya sake ba da labarin kogi a gabansu. Da alama da ya faɗa sau ɗaya, na biyun ya yi masa sauƙi.

Malamin ya saurara har ƙarshe. Sannan ya ce, "Baba, abin da kuka gani a Binuwai sun daɗe suna yinsa. Ku a ƙarshensa kuka zo."

Ya ba mu labari a hankali, ba irin na aji ba. Ya ce ɗaruruwan shekaru kafin a haifi Baba, Ingila ba ita ce babba a teku ba. Mutanen Sifen da na Fotugal sun riga ta, 'yan Holan sun fi ta jiragen ciniki. Sarkin Ingila ba shi da ƙarfin da zai aika runduna, sai attajirai su haɗa jari su kafa kamfani, shi kuma ya ba su takardar izini su je ƙetaren teku su yi ciniki, su kafa gari, su yi hukunci da sunansa. Haka suka fara a Amurka. Da farko yunwa ta kusa ƙarar da su, sai da suka gano noman taba. A tsibiran da ke kudu kuma suka dasa rake, suka kwaso bayi daga gaɓar ƙasashenmu su yi musu aiki. Da abin ya fara kawo riba, ko kuma kamfani ya rikice, sai sarki ya karɓe mulkin ya naɗa gwamnansa. Ya ce har akwai lokacin da Ingila da Holan suka gaji da faɗa, suka yi musayar wani ɗan tsibiri na kayan yaji da wani gari a Amurka, ba tare da an tambayi ko mutum ɗaya na wuraren ba.

Da na mayar wa Bahindiyen da Larabci, ya yi dariya ya ce, "Gaya wa malam bai faɗi namu ba. Mu barkono da yadi suka zo saye. Suka nemi izinin gina ɗakin ajiya, sannan suka ce ɗakin yana bukatar katanga saboda Faransawa, katangar kuma tana bukatar masu gadi. Kakannina masaƙa ne. An kai lokacin da masaƙi ba ya iya sayar wa kowa sai kamfani."

Baba ya ce, "To, ashe ba ni kaɗai ba ne tafinta."

Malamin ya ce, "Ko kusa, Baba. Kuma da kun faɗi gaskiya ranar, da wani aka nemo."

"Na sani. Amma da ba ni ba ne."

Ni kuwa akwai abin da ya tsaya mini a rai, sai na tambayi malamin: me ya sa kullum sharaɗin ɗaya ne, kada ka sayar wa wani? Ya ce don shi ne abin da suka fi tsoro. Ya ce har 'yan'uwansu Turawa da suka zauna a Amurka an kafa musu doka cewa tabarsu da sukarinsu sai Ingila, kuma sai a jirgin Ingila, su kuwa suka riƙa kaiwa 'yan Holan da Faransawa a ɓoye, don can ya fi tsada. Duk inda mai kaya yake da masu saye biyu, in ji shi, ana lallashinsa ne. Ranar da ya rage saura ɗaya, sai a fara ba shi umarni.

Bahindiyen ya dube ni ya ce, "Ya waladi, ɗana, kai fa ake gaya wa. Na ga takardar da kake ta ɗaukowa kana mayarwa. Ka san akwai mai kawo yadin Japan a Jidda? Ɗan garinmu ne. Shi ma yana neman ƙofar shiga wajen mutanenku. Bayan Hajji shirya mu je."

Haka aka yi. Da aka sauko daga Mina, gari ya fara raguwa, muka hau tasi ni da shi muka tafi Jidda da sassafe. Mai yadin Japan yana wani lungu bayan tsohuwar kasuwa, ɗakinsa cike da dila har rufi. Farin yadinsa bai kai na Ingila kauri ba, amma yana da sauƙi, daidai ƙarfin talaka. Bai kawo wata takarda ba. Ya ce in ɗauki abin da nake iya sayarwa, in dawo in ya ƙare.

Daga nan na ce a kai ni ofishin wakilin kamfanin Ingila. Ban taɓa ce wa babban mutum a'a ba. Ya tarbe ni da fara'arsa, ya sa aka kawo shayi, ya miƙo alƙalami. Na buɗe shafi na biyu, na kira shi baffa da Larabci, na ce, "Ya ammi, ina son kayanku, kuma zan sayar da su da gaskiya. Amma sharuɗɗan nan uku ba zan iya ba."

Ya ce ba shi ya rubuta ba, daga can aka aiko, kuma akwai mutum biyu a Makka da ke jiran wannan dama. Na ce Allah ya ba mai rabo. Na gaya masa daga wajen mai yadin Japan nake, ban ɓoye ba. Muka yi sallama cikin mutunci, na fito. A hanyar dawowa ina ta ganin na yi wa iyalina asara saboda labarin da ya faru tun ba a haife ni ba.

Na gaya wa Baba yadda aka yi. Bai yabe ni ba. Ya ce kawai, "Ka ci abinci?"

Wata biyu ina sayar da yadin Japan. Mata suka gano yana da sauƙi, suka fara zuwa daga Rusaifa da sauran unguwanni, wannan ta gaya wa waccan. Teloli uku na layinmu suka daina zuwa kasuwa, suka koma saye a wajena. Ba wani cika aka yi ba, amma na daina tunanin tasi. Sai ga wakilin nan wata safiya da jakarsa. Ya gaida Baba, ya sha shayi, ya dubi dilolin da ke jere a bango. Ya ce ya yi magana da su can, sun yarda a cire sharaɗi na farko da na uku. Farashi kuma su faɗi nasu, ni in faɗi nawa. Allo dai babu, kuma ba ni kaɗai za a ba ba. Na ce na yarda. Na karanta sabuwar takardar da ƙarfi, da Larabci sannan da Hausa, wakilin yana zaune yana murmushi. Baba ya ce, "Sun zo daidai." Na sa hannu.

Tun daga nan shagon yana da atamfar Ingila a bango ɗaya, yadin Japan a ɗaya, daga baya har na Hindu ya shigo. Kowane wakili in ya zo sai ya saci kallon bangon ɗan'uwansa. Ban yi arziki ba, amma da shagon nan na raini 'ya'yana, na kuma gina ɗaki biyu a saman gidanmu.

Kafin malamin Zariya ya tafi, ya yi kwana uku yana rubuta labarin Baba a littafin makaranta, yana tambayarsa sunayen garuruwa da irin kayan da ake saye. Ya ce ɗalibansa sun san abin da Turawa suka rubuta, ba su taɓa jin bakin wanda ya tsaya a wurin ba. Ranar ƙarshe Baba ya roƙe shi abu ɗaya: in ya sami hali, ya bincika masa ko ƙauyen masuntan nan yana nan.

Sai da aka kusa shekara wasiƙa ta zo ta hannun wani mai Umra. Malamin ya ce yana da ɗalibi ɗan wannan yankin, kuma da hutu ya bi shi har can. Ƙauyen yana nan, ya ma zama gari. Akwai kasuwa duk mako, kwale-kwalensu wasu har da inji, suna kai busasshen kifi garuruwa masu nisa, suna sayar wa duk wanda ya fi saye da daraja. Jikan tsohon nan ne mai gari. Malamin ya ba shi labarin takardar da na tafintan. Mutumin ya ce ya ji an taɓa ƙona musu jirage a zamanin kakansa, amma bai san da wata takarda ba. Ya ce a gaya wa dattijon da ke Makka babu komai tsakaninsu, in ya je Harami ya sa garin a addu'a.

Na karanta wa Baba sau biyu. Ya zauna hannunsa a kan gwiwa, har na zaci barci ya ɗauke shi. Sannan ya ce in kai shi Harami. Rabonsa da zuwa ya kai wata uku saboda ƙafa. Na samo masu ɗaukar tsofaffi a kan kujerar katako, suka yi ɗawafi da shi, ina biye da su. Me ya roƙa, ban ji ba.

A hanyar gida, muna cikin tasi, ya ce, "Wannan kifin da ya ambata. Ka rubuta masa, in akwai mai zuwa baɗi, ya aiko mini ko guda biyu ne."

Baɗi kuwa sai ga shi, an naɗe a tsohuwar jarida cikin gwangwani, ya sha hanya har ya fara karyewa. Matata ta yi miyar kuka da shi. Baba ya ci sosai, ya sa aka kai wa Bahindiye kwano ɗaya, ya kuma ce hayaƙin ya yi yawa, mutanen yanzu ba su iya banda ba.